Katakon da Ya Ƙi Banish

A zauren gidan marigayi Malam Jalo mai gyaran rediyo, a Azare, akwai wani akwatin katako da ya kai tsayin mutum, a jingine da bango, an lulluɓe shi da tsohon buhu. Duk wanda ya tashi a unguwar ya san shi. Malam Jalo ne ya haɗa shi da hannunsa. Ya samo katakon maɗaci, ya yi masa ciki ya zaunar da ƙaramar talabijin, ya ɓoye na'urar gem a ƙarƙashinta, sannan ya fito da sandunan tuƙi biyu da maɓallai a kan wani allo mai ɗan gangare, inda 'yan wasa ke dafa hannu. Da ya gama sai ya sa ƙarfe a wuta ya zane gefunan biyu da irin zanen da ake yi wa ƙwarya, domin shi mutumin Katagum ne, kuma zanen ƙorai ne sana'ar uwarsa. Katakon baƙi-baƙi ne, kowa ya ɗauka haka Allah ya yi shi.

Shekaru yaran unguwa suka yi suna cinkoso a gaban akwatin nan, suna tseren mota da dambe. Saliha, autar gidan, sai dai ta ji ihunsu daga tsakar gida, don zaure ba wurin zaman 'ya mace ba ne. Amma wani lokaci idan rana ta take, yara sun watse, babanta kan leƙo ya yafito ta, ya ɗora ta a kan kujerar aikinsa, ya koma kan rediyonsa kamar bai san tana nan ba. A haka ta iya. Ba ta taɓa faɗa wa kowa cewa ta fi yayanta Abbas iya tseren motar ba.

Da bazarar shekarar 2006 ta dawo gida daga jami'a a Maiduguri, ta gama karatun kimiyya, tana jiran a kira su bautar ƙasa. Zaman jira zama ne mai cin rai. Wata rana da aka kawo wuta ta yaye buhun, ta hure ƙasar da ke kan allon, ta jona wayar a bango. Talabijin ta yi shiru kamar tana tunani, sai ga titi ya fito da motoci a jere. Ta tsaya tana kallo har aka ɗauke wutar.

A makon ne Abbas, wanda 'yan gidan ke kira Hamma, ya zo da maganarsa. Zai mai da zauren da ɗakin da ke gefensa gidan kallon ƙwallo. Ya ce zamanin irin wannan gem ya wuce, yaran yanzu ko kallonsa ba za su yi ba, amma katakon mai kyau ne, zai ba da benci biyu masu ƙwari, wataƙila har da abin ɗora talabijin. Ya faɗi haka ne yana cin tuwo, ba shawara yake nema ba.

Saliha ba mai magana ba ce. A makaranta ma ta fi son kujerar bayan aji, inda za ta ga kowa ba mai ganinta. Shi ya sa har Inna, mahaifiyarsu, sai da ta ɗago kai da ta ji ta ce, "Ba za a fasa shi ba, Hamma. Ina so."

Abbas ya yi dariya, ya tambaye ta ko da shi za ta tafi bautar ƙasar, a kanta za ta ɗora shi ko a bayanta. Ta ce ita dai ta faɗa. Suka juya ga Inna. Ita kuwa Inna Yelwa ba ta shiga tsakanin 'ya'yanta, balle a maganar ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta kamawa. Abin da ta ce kawai shi ne abu ya yi shekaru a zaure yana tara gizo-gizo, allonsa duk ya koɗe ya yi dabbare-dabbare da maiƙon hannun yara, wanda ke son sa ya gyara shi ya zama abin da za a kalla. Abbas ya ɗauki wannan a matsayin izini. Saliha ma haka.

Washegari ta aika aka kira Bunu kafinta, wanda shagonsa ke bakin titi. Ya zagaya akwatin, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya yaba katakon, sannan ya jero mata abin da ake yi. Akwai fenti mai maiƙo, ja ko shuɗi, ya rufe komai. Akwai fomeka, irin wadda ake manna wa teburin mai shayi, wadda ba ta jin ruwa ba ta jin zafi. Akwai kuma banish, ruwan nan mai ƙyalli da ake shafa wa kujeru, wanda ake ganin katako ta cikinsa. Shi dai a ganinsa fomeka ce ta ƙarko, tunda hannun 'yan wasa ba ya hutawa, ga gumi ga man ƙosai.

Ta dubi zanen gefen, layukan da ƙarfe mai zafi ya bari, wasu sun ɗan karkace inda hannun babanta ya yi rawa. Ta ce banish.

Bunu ya goge katakon da sanfefa sama-sama, ya shafa banish da buroshi, mai kauri, yadda masu sayen kujera ke so. Da ya gama akwatin ya ɗauki ido, zanen ya fito raɗau kamar yau aka yi shi. Ya ce kar kowa ya taɓa sai gobe.

Gobe ta yi, banish bai bushe ba. Jibi ma haka. Ga rana irin ta bazara da ke busar da wanki kafin a gama shanya, amma jikin akwatin yana nan danƙo-danƙo kamar an shafa masa zuma. Ƙudaje suka fara maƙalewa. Gashin kaza ya zo ya manne a kan allon, audugar rimi ta bi sahu. Bunu ya dawo ya taɓa, ya dubi ɗan yatsansa, ya ce lallai banish ɗin jabu ne, kasuwa ta lalace. Ya sayo wani gwangwanin daga wani shagon, ya tsinka shi da tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, ya ƙara shafawa a kan na farko. Wannan karon har gangarowa ya riƙa yi yana taruwa a gindi. Da suka gwada fomeka a wani lungu na baya, don dai a gani, gam ɗin ya ƙi kamawa, da safe suka tarar da ita a ƙasa. Bunu ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin katako mai taurin kai irin wannan ba, ya kwashe buroshinsa.

Saliha ta riƙa zuwa zauren tana tsayawa a gaban abin. Ta san dai akwai dalili. Ta yi tunanin zafi, ta yi tunanin tina, ta yi tunanin maiƙon hannun yara, amma hannun yara bai kai can saman akwatin ba, kuma can ma bai bushe ba. Yatsunta duk suka yi baƙi da danƙo saboda taɓe-taɓe.

Ana cikin haka Alhaji Yunusa ya biyo. Abokin marigayi ne, yakan tsaya a zaure ya aika a gai da Inna, kuma 'yarsa Abbas ke nema. Ranar ya fito daga ɗaurin aure, cikin farar shadda mai sitati. Abbas ya shiga ɗauko masa tabarma, shi kuwa Alhaji, da ya gaji da tsayuwa, ya jingina kafaɗarsa da akwatin kamar yadda ya saba tun abokinsa na da rai. Da ya zo miƙewa sai rigar ta ƙi biyo shi. Sai da aka ɓamɓare ta, ta taho da zanen ƙwarya a kafaɗa, launin ƙasa, da ƙuda ɗaya. Alhaji ya ce ba komai, ya ma yi dariya ya ce Jalo bai daina tsokanarsa ba. Amma bai zauna a tabarmar ba.

Abbas ya shigo gida fuskarsa kamar zai fashe. Bai ɗaga murya ba saboda Inna na zaune, amma ya tsaya a kan Saliha ya ce, "Malama mai digiri, kin gama gwajin naki? Gobe zan tafi Kano sayen dish na kamo tashoshin ƙwallo. Ranar da na dawo, Bunu zai zo da guduma."

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Hamma."

Wannan amsa ta fi ba shi haushi fiye da in da gardama ta yi.

Bayan tafiyarsa aka aiko daga Katagum cewa Goggo Meram, yayar babansu, ba ta jin daɗin ƙafa, Inna ta ce Saliha ta je ta dubo ta. Ba ta so tafiyar ba, hankalinta na zaure, amma ta shiga mota a tasha, aka matse ta tsakanin wata mata mai kaji da buhun gishiri. Suka yi ta ratsa gonakin da aka share ana jiran ruwa, har ƙaurin kifin da ake bandawa ya fara shigowa ta taga, ta san an kusa.

Ta tarar da Goggo a tsakar gida ta miƙe ƙafar a kan tabarma, tana ba da umarni ga duk wanda ya gifta. Ciwon bai taɓa bakinta ba. Tun kafin su gama gaisawa ta kama hannun Saliha ta juya shi, ta tambaye ta wane irin lalle ne wannan ake yi a Maiduguri, mai kama da kashin kaza. Saliha ta ba ta labari tun daga farko, da Bunu, da gwangwani biyu, da rigar Alhaji Yunusa. Goggo ta yi dariya har tana riƙe ƙafar.

"Akwatin Jalo kuka shafa wa abin ƙyalli? To ai baƙin mai ya sha. Ubanki akwai katakon da ya taɓa shiga hannunsa bai shayar da shi baƙin mai ba?"

Ta ce tun suna yara gara ta cinye masa wani akwatin littattafai, daga ranar ya ƙulla gaba da ita. Duk abin da ya mallaka na katako sai ya je wurin makanikai ya roƙo tsohon man da aka juye daga injin mota, ya yi ta shafawa har katakon ya ƙoshi. Ƙofa, kujera, ƙotar fartanya. Da za a yi mata aure ya haɗa mata gado, ya kawo yana alfahari, ashe shi ma ya sha. Zannuwan gadonta na amarci duk suka tafi, dangin miji suna tambaya ko a garejin mota aka haife ta.

Nan take Saliha ta gane. Ta san man inji ba ya bushewa, ko shekara nawa zai yi. Zafi na bugawa zai tsattsafo, kuma ba abin da zai zauna a kansa. Warin ma ta san shi. Kullum ta yaye buhun nan takan ji shi, amma ita a wurinta warin zauren babanta ne, ba ta taɓa tambayar kanta ko na mene ne ba.

Ta tambaya ina gadon yake. Goggo ta nuna ɗaki da haɓa.

Yana nan, baƙi wuluk, ƙafafunsa a tsaye kamar jiya aka kafa su, ba ƙofar gara ko ɗaya. Saliha ta shafa allon kan, inda ake jingina. Santsi ne da shi kamar tabarya, a bushe ƙarau. Ta goga bakin mayafinta a kai ta duba, ba komai. Ta ɗaga murya daga ɗakin ta tambayi me aka shafa masa. Goggo ta ce me kuwa za a shafa, ita dai da ta gaji da asarar zannuwa ta fitar da shi rana, ta dama toka ta laɓta masa, ta bushe ta kankare, ta sake, har tokar ta daina yin baƙi. Sauran kuma tsumma ne da bayan mutane.

Saliha ta zauna a bakin gadon. Tun farko tambayar da ta yi ta yi ita ce me za ta ɗora a kan katakon. Yanzu ta ga ba abin da zai ɗoru, sai dai a rage masa abin da ya yi yawa, a bar masa sauran. Kuma ko da an samu banish ɗin da zai kama, ranar da ya fashe a ƙarƙashin hannu sai an nemo kafinta ya kankare ya sake. Ita kuwa tana son abin da za ta iya gyarawa da kanta, a cikin gida, ba sai ta roƙi kowa ba.

Ta kwana ɗaya ta ce za ta koma. Goggo ta ce dama ba ita aka zo dubawa ba, gado aka zo dubawa, ta cusa mata ƙullin busasshen kifi ta kai wa Inna.

A tashar Azare ba ta wuce gida ba, sai da ta shiga kasuwa wurin masu zuma ta sayi dunƙulen kakin zuma. Da ta iso ta ɗauko sukudireban babanta a cikin gwangwanin kayan aikinsa. Malam Jalo mutumin rediyo ne, bai yarda da ƙusar da ake bugawa ba, komai da mai murɗi ya ɗaure shi, don haka akwatin ya kwance mata ba gardama. Ta zare wayoyin a hankali, tana ɗaura wa kowace zare mai launi don kar ta manta mazauninta. Talabijin ce ta fi ƙarfinta. Tana tsaye tana tunanin yadda za ta yi sai ta ji Inna a bayanta tana cewa ta kama can, ita ta kama nan. Suka shigar da ita ciki.

Allunan ta jere su a tsakar gida a kan bulo. Ta fasa kwalba, ta zaɓi ɓallin da bakinsa ya miƙe, ta shiga kankare banish ɗin Bunu. Yana fita kamar ƙanzo, yana naɗewa a jikin kwalbar. Wurin zanen ya fi wuya, sai da ta bi kowane layi da tsinke da tsumma mai tina. Kwalbar ta yanke ta a babban yatsa, ta ɗaure da ƙyalle ta ci gaba. Sannan ta kwashe tokar murhu ta tankaɗe, ta dama, ta laɓta wa allunan, ta bar su a rana. Kafin la'asar tokar ta yi baƙi ta jiƙe da mai, kamar an soya wani abu a kanta. Ta kankare ta sake.

Tokar gidansu ta ƙare, ta shiga maƙwabta roƙo. Ita da ba ta iya shiga gidan mutane ba sai an aike ta, sai ga ta da kwano tana sallama. Matan suka yi ta tambaya ko sana'ar sabulu ta fara, wata ta ce dama ƙarshen boko ke nan, a dawo ana wasa da toka. Saliha ta yi murmushi ta karɓi tokarta. Kowane zagaye baƙin na raguwa, har katakon ya fara nuna jan da ke cikinsa, ja mai duhu irin na goro da ya sha iska.

Tana cikin zagayen da take fatan shi ne na kusa da ƙarshe Abbas ya dawo, da dish ɗinsa a kan motar haya. Ya ga zaure fayau ya ji daɗi. Ya shigo ya ga alluna a shanye, ya ƙara jin daɗi. Ya ce ashe ta yi hankali, har ta rage wa Bunu aiki. A wanke wannan ƙazantar, gobe da safe zai sa a fito da su a yanka. Ya ɗaga allon gefe ɗaya yana auna shi da taƙi, yana cewa wannan zai zaunar da mutum huɗu.

Saliha ta ce ya ajiye, tokar ba ta gama aiki ba. Ya ce wane aiki. Ta juya kan sauran allunan. Ya ajiye ya fita wurin masu ɗaura dish.

Ta so ta ƙara ko zagaye ɗaya ne, amma ba lokaci. Ta kankare tokar, ta goge allunan da ɗanyen tsumma, ta bar su suka sha iska, ta bi su da sanfefa mai laushi. Ta narka kakin a gwangwani ta zuba masa ɗan kananzir don ya saki, ta riƙa lakato kaɗan da tsohuwar atamfa tana murzawa. Ta gane da wuri cewa in ya yi yawa shi ma danƙo zai yi a wannan zafin, don haka abin da take gogewa ya fi abin da take shafawa. Ta murza har kafaɗunta suka riƙe. Katakon bai yi ƙyalli ba. Wani haske ne dai ya taso masa daga ciki, mai sanyi, kuma zanen ya zauna baƙi a kan ja.

Saura inda za a haɗa shi. Zaure ya tafi. Ɗakin da take kwana na baƙi ne, kuma in ta tafi bautar ƙasa ba mai tsare shi. Ta tsaya da allon gefe a hannu a tsakiyar gida, ba ta san inda za ta nufa ba. Inna na bakin ƙofarta tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba, ta janye ƙafarta daga hanya, ta ce, "Ki matsar da buhun geron nan, akwai wuri a bayan ƙofa."

A ɗakin Inna suka haɗa shi, Inna na riƙe allo Saliha na murɗa ƙusa. Sau ɗaya suka juya allon baya sama a ƙasa, sai da suka kwance. Suka zaunar da talabijin, Saliha ta bi zarurrukanta ta mai da kowace waya inda take. Kafin magariba akwatin na tsaye, kuma duk wanda ya dube shi ya dubi ƙofar ɗakin ya san ba ta nan zai fita ba.

Da safe Bunu ya zo da zarto da guduma ya tsaya a zaure, iyakarsa ke nan. Abbas ya shigo ɗaukar alluna ya tarar da bulo kawai da tarin baƙar toka. Ya tambaya, Saliha ta nuna masa ɗakin Inna. Ya yi sallama ya ɗaga labule, ya tsaya.

Ya fara da cewa wannan wane irin abu ne, kamar gindin tukunya, ko ƙyalli babu, ai ba a gama ba. Ta ce an gama. Ya ce kwana biyu zai fara ɓata wa Inna kaya kamar yadda ya ɓata wa Alhaji. Saliha ta ɗauko farin hijabinta na salla daga kan igiya, ta dunƙule shi, ta murza a kan allon da ƙarfi, a gefe, a sama, ta warware ta miƙa masa. Ya duba gaba ya duba baya. Ta san akwai sauran mai a can cikin katakon, kuma wata bazarar zai iya tsattsafowa kaɗan. Ta riga ta nuna wa Inna gwangwanin kakin da tsumman. Ba ta ga dalilin faɗa masa wannan ba.

Abbas ya auna faɗin akwatin da hannuwansa, ya je ya auna ƙofa, ya dawo. Ya ce ta ɗauko sukudireba ta kwance shi yadda ta haɗa.

"Ba zan kwance ba, Hamma."

"To ni zan kwance."

"Bismilla. Ga shi nan, ga Inna nan."

Inna na zaune a bakin gado tana jan carbi, idonta a ƙasa. Abbas ya dube ta yana jiran ta ce wani abu, ko a bar shi ko a fitar. Ba ta ce ba. Ya san in zai taɓa abin nan, sai dai ya durƙusa a ɗakin uwarsa, a gabanta, ya warware aikin ubansa ƙusa bayan ƙusa, ita kuma ba za ta hana shi ba, kallonsa kawai za ta yi. Daga zaure Bunu ya ɗaga murya yana tambaya ko a fara, don yana da wani aikin a Disina.

Inna ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "A ce wa mutumin nan ya sha ruwa kafin ya tafi. An tsai da shi tun ɗazu."

Abbas ya matsa kusa da akwatin. Hannunsa ya kai kan allon, ya shafa, ya juya tafinsa ya duba. Ya kama sandar hagu ya karkaɗa ta, ya ce wannan tun da can tana da tauri, mai take so. Saliha ta ce ta sani, za ta sa mata. Ya ce ba haka ake sa mata ba, sai an cire murfin ƙasa, in an kawo wuta zai zo ya nuna mata.

Ta ce, "In za ka zo, ka yi sallama. In akwai mata a ciki sai ka jira."

Ya saki labulen ya fita, ta ji shi a zaure yana tambayar Bunu ko a kasuwar katako za a samu falanki mai kauri da zai yi benci. Saliha ta ninke hijabin ta mayar kan igiya, ta lakato kaki kaɗan, ta tsuguna ta ci gaba da murza gefen ƙasa, inda jiya duhu ya hana ta gani sosai.